Farin Kabeji Mai Cinya

A wani gidan haya mai hawa biyu an yi wani mutum da maƙwabta suka laƙaba wa suna Ka-Fi-Kowa. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don har yau bai gane zolaya ce ba. In mota ta lalace shi makaniki ne, in wuta ta ɗauke shi injiniya ne, in aka yi maganar jirgin sama sai ya yi murmushi ya ce a bar tone-tone. Amma inda bakinsa ya fi kaifi shi ne wajen girki. A faɗarsa, shekara biyu cur ya yi yana aiki a wani babban gidan abincin Indiyawa. Aikin kam ya yi. Abin da ba ya ƙarasa faɗa shi ne get yake buɗe wa motoci, kuma kusancinsa da kicin bai wuce ƙamshin da iska ke kawo masa ta taga ba. Matarsa, wadda tela ce, ta san haka sarai, amma ta ja bakinta ta yi shiru.

Gidan na gwaggon matar tasa ne. A ƙasa akwai shago biyu, ɗaya na Mai Aski, ɗaya babu kowa. Mai Aski, wanda ɗakinsa ke kallon na Ka-Fi-Kowa a sama, ya daɗe yana son a ba shi shagon ya fasa bango ya ƙara kujeru. Ka-Fi-Kowa kuma ya ƙwallafa rai shi za a ba ya buɗe gidan abinci. Gwaggo ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a.

Wata ranar Laraba Gwaggo ta zo duba gida, ta zauna a tsakar gida tana huci, ta rame, wuya ya fito. Aka tambaye ta lafiya.

Ta ce, “Ina fa lafiya? Kun ga 'yar nan tawa Likita? Ni na haife ta, ni na kai ta makaranta, yau ita ce ta hana ni nama. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ko man shanu ban da shi. Wai duk abin da ya fito daga jikin dabba kada ya wuce maƙogwarona. Wata uku ke nan ina cin ganye. Jiya akuya ta gan ni ta matsa min wuri.”

Ka-Fi-Kowa ya gyara tsayuwa, ya ce, “Gwaggo, ai laifin masu dafa miki ne. Akwai wani abu da muke yi a can wurin Indiyawa. Farin kabeji ake samu, a gasa shi sukutum, a kwarara masa miyar kayan ƙamshi da madarar kwakwa. Babu ko gashin dabba a ciki. Na ga babban mutum da idona ya ci, ya cire tabarau ya yi kuka.”

Mai Aski na jingine da ƙofar shagonsa, ya ce, “Wataƙila kuɗin ya gani.”

“Kai dai tsaya a kan ƙeya, nan Allah ya ajiye ka.”

Gwaggo ta ɗaga hannu. “Ya isa. Ranar Asabar ƙarfe biyu zan zo da Likita. In ka ciyar da ni abin da ba dabba a ciki har na lashe yatsa, shago naka ne. In ka kasa, Mai Aski ya kawo gudumarsa.”

Da suka hau sama matar Ka-Fi-Kowa ta rufe ƙofa ta ce, “Baban yara, ruwan shayi ma ƙone maka yake. Ka bari in taya ka.”

Ya ce, “Girkin Indiyawa ba ya son hannu biyu. Ke dai ki tanadi abin da za ki gaya wa ƙawayenki in kin zama matar mai gidan abinci.”

Asabar da hantsi ya isa wurin mai kayan miya, ya zaɓi farin kabeji mafi girma a kan teburin, wani ƙato kamar kan jariri ya sha wanka. Sai aka zo kayan ƙamshi. Sunan ko ɗaya bai riƙe ba, launi kawai yake tunawa.

Ya ce, “Ba ni wancan mai ruwan ɗorawa.”

“Kurkum?”

“Haka ku kuke ce masa. Zuba gwangwani biyu. Da wancan ja.”

Mai kayan miya ya ce, “Wannan barkonon ba a yi masa gwangwani, maigida. Bakin cokali ake sa wa tukunyar mutum goma.”

“Ka taɓa aiki da Ba'indiye?”

“A'a.”

“To zuba.”

Ya haɗa da citta, da tafarnuwa, da kanumfari, da kirfa, da albasa, da tumatir, da kwakwa guda, ya dawo gida yana tafiya a hankali don kowa ya ga kaya. Matarsa ta dubi yawan barkonon, ta ɗauki mayafinta ta ce ta sauka ƙasa wurin matan gida, ba za a yi wannan da ita ba.

Tana fita idonsa ya faɗa kan wata farar riga doguwa da ke rataye kusa da keken ɗinki, sabuwa fil, an goge ta tana ƙyalli. Rigar aikin Likita ce, matarsa ta kwana biyu tana ɗinkawa, yau za a karɓa. Ka-Fi-Kowa ya tuna manyan kuku duk farar riga suke sawa. Ya ce a ransa aro ne na awa biyu, wa zai sani? Ya zura ta. Hannun ya tsaya masa a gwiwar hannu, maɓalli ya ƙi haɗuwa a tumbi, amma da ya dubi madubi sai ya ga mutumin da ya dace da shago.

Ya fara da kwakwa. Ya girgiza ta a kunne, ya ji ruwa na motsi, ya ce madara ta samu. Ya sare ta da wuƙa, wuƙa ta lanƙwashe. Ya buga ta da ƙasa, ta yi tsalle ta dawo masa a ƙauri. Ya ɗora ta a bakin taga, ya ɗauko guduma ya rufe ido ya maka mata. Kwakwa ta zille, ta fice ta taga, ta sauka a kan rumfar kwanon shagon Mai Aski, ƙwaram!

A daidai lokacin Mai Aski na gyara wa wani malamin makaranta gefen kai. Hannunsa ya zabura, injin aski ya yi tafiyarsa tun daga kunne har tsakar ka, ya buɗe titi fetal.

Mai Aski ya fito riƙe da kwakwar da ta dare gida biyu, malamin na biye da shi dafe da kai.

“Kai, Ka-Fi-Kowa! Girki kake ko yaƙi?”

Ka-Fi-Kowa ya leƙo ta taga. “Yawwa, ta fashe? Haka muke fasa ta a can. Miƙo min.”

“Dubi kan bawan Allah!”

“Ai ka ga abin da nake faɗa. Kujera ɗaya ta gagare ka, kana neman huɗu.”

Ruwan kwakwar ya tsiyaye a kwata, amma bai damu ba. Ya ɓanɓare naman, ya jefa a bilenda, ya bi shi da albasa da tumatir da citta da tafarnuwa kai uku, ya juye kurkum gwangwani biyu, ya cika da ruwa har baki. Murfin ya ƙi zama. Ya ce murfi na masu koyo ne, ya dafe bakin da tafin hannu ya danna.

Abin da ya biyo baya ko ƙiftawar ido bai kai ba. Silin ya koma ruwan ɗorawa, bango ya koma ruwan ɗorawa, haka labule, haka gemunsa. Farar rigar Likita kuwa ta zama kamar an tsoma ta a rini. Ya tsaya yana ɗiga, ya lashi leɓe, ya ce, “Gishiri ne bai ji ba.”

Ya kwashe abin da ya saura ya zuba a tukunya, ya juya kan farin kabeji. Oben ɗin jikin murhun gas ɗinsu tun da aka saye shi ba a taɓa kunna shi ba. Ya buɗe ya tura kabeji, kabeji ya ƙi shiga. Ya sassare masa gefe da gefe, ya tara guntayen a faranti, ya danna sauran da gwiwa har ƙofa ta rufu. Bai duba can ƙasa ba, inda matarsa ke ajiye robobin abincin yara da murafansu. Ya murɗa wuta har ƙarshe, don a ganinsa abin da ƙaramar wuta za ta yi a awa ɗaya babba za ta yi a minti goma.

Sai ya tuna ya taɓa jin wani kuku na cewa sirrin miya shi ne a fara soya kayan yaji a mai. Ya ɗora kasko, ya bari mai ya yi zafi har yana hayaƙi, ya juye gwangwanin barkono gaba ɗaya.

Tari ya fara daga ɗakin da ke kusa. Ya sauka matakala, ya shiga shago, ya fita titi. Tsohon da ke ɗakin ƙarshe, wanda ya shekara yana cewa ƙafa ta hana shi sauka, shi ya riga kowa isa ƙasa. Matar Mai Aski ta fito a guje da ludayi a hannu, ko ƙofa ba ta ja ba. Masu goyo na atishawa, goyo na atishawa. Kafin minti biyar duk gidan ya tattaru a bakin titi ana share hawaye.

“Gobara ce?”

“Ina fa! Ka-Fi-Kowa ne ke girki.”

“Gara gobara, ita ana kashe ta da ruwa.”

Matarsa ta ɗaga kai ta ƙwala masa kira, “Baban yara! Kana da rai?”

Ya leƙo da jiƙaƙƙen tawul ɗaure a hanci, idanu jawur. “Ƙamshi ne! Ba ku saba ba ne!”

Ya juye barkonon a tukunyar miya, ya gauraya. A nan ne wani wari daban ya doki hancinsa ta cikin tawul. Ya buɗe oben. Baƙin hayaƙi ya yi masa sallama. Farin kabeji ya zama gawayi, robobin yara sun narke sun kama ƙasansa, ja da shuɗi da kore, wani cokalin roba ya lanƙwashe a gefe kamar yana roƙon gafara. Ya soka wuƙa: waje toka, ciki ɗanye shar.

Ya dubi agogo. Biyu saura kwata.

Karo na farko a ranar, gaban Ka-Fi-Kowa ya faɗi. Ya hango Mai Aski da guduma. Ya hango kansa yana wucewa ta gaban shagon kullum ana yi masa dariya ta madubi huɗu. Ya fito baranda neman iska, sai ya ga ƙofar Mai Aski a wangame. A kan tebur, cikin tire, ga gasasshiyar kaza guda, ta yi jawur, tana tururi. Matar Mai Aski ta sauke ta ke nan tari ya kore ta.

Ya dubi kaza. Ya dubi matakala, babu kowa. Ya sake duban kaza, sai ya lura da wani abu: in aka kifa ta, aka matse fukafukan, ai tudun nan nata bai da maraba da na farin kabeji.

Ya ce a ransa, “Maƙwabci ɗan'uwa ne.”

Ya sure kazar, ya rufe tiren da murfinsa. Cikin minti goma ya kifa ta a babban faranti, ya bi ta da guntayen ɗanyen kabejin nan yana kafe su da tsinken sakace har ta ɓace, ya kwarara mata miya mai kauri tun daga sama har ƙasa. Ya ja da baya ya duba. Wallahi shi kansa ya kusa yarda.

Ƙarfe biyu daidai mota ta tsaya. Gwaggo ta fito da Likita, suka tarar da jama'a a titi ido duk ya kumbura.

Gwaggo ta ce, “Wa ya rasu?”

Mai Aski ya ce, “Tukuna dai. Sai an ci.”

Tun da sama ba ta shiguwa, aka fito da tebur tsakar gida. Gwaggo ta zauna, Likita na tsaye a kanta, 'yan gida suka yi da'ira, har da malamin makaranta da ya ari hula ya ƙi tafiya sai ya ga ƙarshe. Ka-Fi-Kowa ya sauko da faranti a kan tafin hannu ɗaya, yana taku ɗai-ɗai. Matarsa ta ga rigar da ke jikinsa, ta dafe ƙirji.

Likita ta ce, “Tsaya. Me da me ke ciki?”

“Farin kabeji, kwakwa, kayan ƙamshi. Sauran sirrin sana'a ne.”

“Ba madara? Ba man shanu?”

“Ranki ya daɗe, ko saniya ba ta gifta ta kusa da tukunyar nan ba.”

Gwaggo ta ɗanɗana miyar da bakin cokali. Idonta ya kawo ruwa, ta yi tari uku, ta nemi ruwa. Ta gutsiri kabejin, ya yi ƙaras a bakinta. Ta ɓata fuska za ta ture farantin, sai cokalin ya nutse ciki ya taɓo wani abu mai laushi. Ta tsaya. Ta shinshina. Ta saci kallon Likita. Sannan ta ajiye cokali a hankali, ta naɗe hannun riga, ta share miyar gefe, ta cusa yatsu.

Loma ta farko ta lumshe ido. Ta biyu ta ce, “Allah ya yi wa Indiyawa albarka.”

Ka-Fi-Kowa ya dubi Mai Aski, ya ce, “Ka fara neman wanda zai sayi gudumarka.”

A nan ne aka ji ihu daga sama. Matar Mai Aski ta koma ɗaki ta sauko tana tafa hannu. “Kazata! Jama'a, kazata! Tire na nan, kaza babu!”

Ka-Fi-Kowa ya ce, “Kyanwa ce. Gidan nan kyanwoyi sun yi yawa, na sha faɗa.”

“Kyanwar da ta ɗauke kaza ta mayar da murfi?”

Gwaggo ba ta ɗago ba, hannu kawai take kaiwa da sauri kamar wadda mota za ta bari. Ta kamo wani abu ta ja, ya ƙi, ta murɗa ta fizgo. Sai ga cinya sukutum a hannunta, da ƙashinta, da guntun kabeji kafe a jiki da tsinke.

Kowa ya zuba wa cinyar ido.

Likita ta ce, “Mama, mene ne wannan?”

Ka-Fi-Kowa ya yi gyaran murya. “Jijiyar kabejin ce. Irin na Indiya haka yake, in ya ƙosa yana yin ƙashi.”

Mai Aski ya matso ya leƙa farantin. “Ikon Allah. Yana yin fiffike ma. Gwaggo, a bar shi ya kwana, wataƙila da safe ya yi cara.”

Matar Mai Aski ta kutsa ta tsakiya, ta sa ludayinta ta kwashe miyar. “Ga zaren da na ɗaure mata ƙafa! Ga lemon tsamin da na cusa mata! Ɓarawon kaza!”

Dariya ta ɓarke. Tsohon ɗakin ƙarshe ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Malamin makaranta ya cire hula yana fifita da ita, ya manta da titin da ke kansa. Ka-Fi-Kowa ya buɗe baki zai kawo wani bayani, sai ya ga Likita ta daina kallon farantin, shi take kallo, daga wuya zuwa gwiwa.

Ta ce, “Wannan aljihun na gefen hagu, ni na ce a yi shi haka don abin awo. Yaya, ba rigata ba ce wannan?”

Matar Ka-Fi-Kowa ta ce, “Ita ce, ƙanwata. Da fara ce.”

Ka-Fi-Kowa ya ce, “Kurkum magani ne, ke ma kin sani. Duk majinyacin da ya…”

“Cire!”

Ya tuɓe ta a gaban jama'a, ya tsaya daga shi sai singileti, gemu ruwan ɗorawa, tumbi a waje. Likita ta juya kan uwarta za ta ƙwace cinyar, ta tarar saura ƙashi, shi ma ana tsotsa.

“Mama! Wata uku muna wahala!”

Gwaggo ta ce, “Ni kabeji aka ce min, kabeji na ci. In da alhaki yana wuyan mai girki.” Ta lashe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta goge a gefen zane, ta miƙe. “To, ku saurara. Yatsa kam na lashe, amma sharaɗi ya karye. Mai Aski, shago naka ne, ladan kazar matarka. Kai kuma surukina, silin da bangon da ka rina, ka wanke su kafin in dawo. Kuma daga yau in an ga ka kunna ko ashana a gidan nan, a kira ni.”

Aka watse ana tari ana dariya. Matar Mai Aski ta ɗauke sauran kazarta, da farantin gaba ɗaya. Likita ta naɗe rigarta a leda ta yi gaba tana faɗa ita kaɗai. Matar Ka-Fi-Kowa ta hau sama, ta sauko da bokiti da soso da tsani, ta dire masa a gaba ta wuce.

Yana tsaye shi kaɗai yana kallon bokitin, sai ya ji an ja masa singileti ta baya. Gwaggo ce, ta yi kamar ta dawo ɗaukar jakarta. Ta leƙa ta tabbatar Likita ta shiga mota, sannan ta rage murya.

“Ranar Talata tana wurin aiki tun safe har yamma. Ka sake kawo min kabejin nan.” Ta ɗan yi tunani. “Ban da miyar. Ban da kabejin ma.”